Na sayi tsohon jirgin jan masu zamiya: in kwance wayoyinsa gaba ɗaya ko in bi su ɗaya bayan ɗaya?

Sabon_Matuƙi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Wata biyu ke nan da na sayi jirgin ruwa na hannu, irin wanda ake jan masu wasan zamiya a kan ruwa da shi, ƙirar 1991. Injinsa a tsakiya yake, V8 mai kafireta, farfela a ƙarƙashi. Injin kam lafiyarsa ƙalau, in ya tashi ba tari ba hayaƙi, yana fizgo mutum daga ruwa ba wahala. Ƙananan abubuwa ne suka taru suka hana ni sakat.

Wani lokaci in na murɗa makulli sai in ji shiru, ko ƙyas ba ya yi. Sai na ɗan girgiza hannun giya gaba da baya sannan ya kama. Agogunan dashbod kuma da zarar na kunna fankar fitar da tururin fetur ko fitilu, sai alluransu su yi tsalle, na zafi ya hau, na caji ya sauka. Agogon mai tun ranar da na karɓi jirgin cike yake nunawa, ko da tanki ya kusa ƙafewa. Hannun totur yana da tauri, sai na sa ƙarfi, shi ya sa ba na iya riƙe gudu ɗaya, wanda nake ja kullum cikin ƙorafi yake. Sitiyarin ma ɓangare ɗaya ya fi nauyi.

Da na leƙa ƙarƙashin dashbod gabana ya faɗi, wayoyi ne a cukurkuɗe kamar saƙar gizo. Zuciyata tana raya min in tsinke su duka in sake sababbi daga farko. Me kuka gani?

Baba_Riwaya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye filayar nan tukuna, kada ka yanke ko waya ɗaya. Abin da ka lissafa ba ciwo ɗaya ba ne. Biyu na wuta ne, biyu na kebur ne, ɗaya kuma yana tsakani. In ka kwance komai yau, totur zai ci gaba da tauri, sitiyari zai ci gaba da nauyi, ka kuma ƙara wa kanka aikin da ba ka san ƙarshensa ba.

Samo mita, ko ƙarama ce. Fara daga batir. Bayan ya kwana ba a taɓa shi ba, ɗora mita a kan kawunansa biyu, dalmar kanta, ba maƙalin waya ba. Cikakken batir bolt 12.6 yake nunawa. In ka ga 12.2 ya kai rabi. Sannan ka tayar da inji ka ɗan ƙara totur, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. In ka samu haka, altaneta ba ta da laifi, duk abin da agogon dashbod yake faɗa.

Tsallen agoguna kuwa, ban ga jirginka ba amma na ga irinsa da yawa. Wayar nagatif ce. A mota jikin ƙarfe ne yake mayar da wuta zuwa batir. Jirginka na faiba ne, ba ya ɗaukar wuta, don haka duk abin da ya sha wuta a dashbod ta waya ɗaya take komawa. A tsofaffin jiragen nan sukan ɗauko wayar daga agogo zuwa agogo kamar carbi. In mahaɗa ɗaya ta yi tsatsa, fanka tana kamawa sai wutar ta rasa hanyar komawa, duk agoguna su ruɗe. Auna ka dawo mana da lambobi.

Mai_Zafin_Nama:
Maganar rashin tashi mai sauƙi ce. Akwai wani ɗan makunni a jikin giya da ke hana kik juyawa sai giya tana firi. Wayoyi biyu ne a jikinsa. Cire su ka haɗa dairek, ka huta. Nawa haka na yi shekara uku ke nan, bai sake ba ni matsala ba.

Uwar_Biyu:
Mai_Zafin_Nama, don Allah ka janye wannan shawarar, kai ma ka je ka mayar da naka. Wannan jirgi ne da kullum akwai mutum a ruwa a bayansa, ko yana sa takalmin zamiya a kan dakalin baya, ko yana jiran a miƙa masa igiya. Farfela kuma tana nan ƙarƙashin wurin.

A gabana aka yi. Jirgin wani abokin maigidana ne, shi ma an haɗe masa makunnin. Inji ya mutu a tsakiyar ruwa, ɗiyata tana riƙe da gefen dakali tana shirin hawowa. Direba bai lura hannun giya yana ribas ba, ya murɗa makulli. Jirgin ya zabura baya. Allah ne ya sa ta saki hannu ruwa ya ture ta gefe. Har yau in na tuna jikina rawa yake yi. Sabon_Matuƙi, ƙanena, kada ka taɓa makunnin nan sai don gyara shi.

Mai_Zafin_Nama:
Allah ya ƙara tsarewa, Yaya. Ni dai kullum ina duba hannun giya kafin in tayar. Amma na ji.

Kawu_Makanike:
Uwar_Biyu ta faɗi gaskiya. Ƙari a kan haka, mai yiwuwa ma makunnin lafiyarsa lau. Ku lura da abin da yaron ya ce: in ya girgiza hannun giya sai ya kama. Wato makunnin yana aikinsa, giyar ce ba ta zama daidai a firi.

Yawancin jiragen wancan zamani, masu injin Ford 351 ko Chevrolet 350, giyarsu ko Velvet Drive ce ko ta PCM. A gefenta akwai ɗan hannu mai mazauni uku, gaba, firi, ribas, kowanne in ya shiga za ka ji ya faɗa ƙwas. Kebur ne yake tafiyar da shi daga wurin direba. In kebur ya tsufa ya yi sako-sako, ko maƙalinsa ya goce, sai hannun direba ya nuna firi alhali na jikin giya ya tsaya a bakin rami bai faɗa ba.

Ga gwaji. Zare fil ɗin da ya riƙe kebur a jikin giya. Da hannunka ka sa ɗan hannun a firi har ka ji ya zauna. Murɗa makulli sau goma. In duk ya kama, kebur ne, sai ka juya kan kebur ɗin a kan zarensa har raminsa ya zo daidai da fil ba tare da ka ja ko ka tura ba. Kada ka raina wannan aikin, domin kebur ɗin da bai kai giya firi sosai ba, bai kai ta gaba sosai ba ma, kuma giyar da ke tafiya rabi da rabi kulocinta take ci a hankali.

MaiSifana351:
Ni ina tare da mai tambaya, da izinin Baba_Riwaya. Nawa ƙirar 1988 ne, na shekara biyu ina bin waya ɗaya-ɗaya. In na gyara fitila sai hon ya mutu, in na gyara hon sai famfon kwashe ruwa ya tsaya. Ranar da na gaji na sauke dashbod gaba ɗaya, abin da na gani ya ba ni tsoro: wayar gida mai tsinke ɗaya, an murɗe da hannu an naɗe da salatif, wata an yanke an bar ta tsirara tana lilo kusa da makulli, kuma da wuta a jikinta. Na feɗe wata waya na bi ta kusan kamu biyu, jan ƙarfen duk ya koma baƙi. Na sake komai na dashbod, na sa sabon akwatin fis. Tun daga nan ban sake kwanciya a ƙarƙashin sitiyari ba. Jirgin da ya haura shekara 30 ya ratsa hannun mutane da yawa, kowa ya bar tabonsa.

Baba_Riwaya:
MaiSifana351, ba mu saɓa ba sosai. Abin da ka tarar ba aikin kamfani ba ne, ƙare-ƙaren waɗanda suka riƙe jirgin ne, mai sa rediyo, mai sa ƙarin fitila. Waɗannan ni ma cewa nake a tsige su. Amma asalin damin wayar da ya taso daga inji zuwa dashbod, in bai ƙone ba, a bar shi, domin launukansa taswira ce. Jiragen Amurka suna bin tsarin launi na ABYC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ƙera jiragen ruwa a can. Shunayya ita ce wutar makulli zuwa kwayil da agoguna. Rawaya mai jan layi ita ce ta kik, ita ce ma take ratsa makunnin da ake magana. Ruwan toka ta agogon juyin inji ce, shuɗiya mai haske ta matsin baƙin mai, ruwan ƙasa mai haske ta zafi, ruwan hoda ta tankin fetur. Wanda ya san wannan zai iya bin jirgin da bai taɓa gani ba. Wanda ya tsige ya mayar da ja da baƙi kawai, ya rufe wa na bayansa ido.

Ɗan_Ruwa88:
Baba, ƙarin bayani kaɗan a kan launi. Nagatif a tsofaffin baƙa ce, amma a sababbi za a iya ganin rawaya zalla, an yi haka ne don kada a rikita ta da baƙar waya ta wutar gida a jiragen da ke jona wuta daga gaɓa. Na 1991 dai baƙa zai gani.

Agogon mai kuma babu wanda ya taɓo shi. Na'urar cikin tanki ta tsarin Amurka tana ba da om 240 (om shi ne ma'aunin turjiya ga wuta) in tanki ya ƙafe, om 33 in ya cika. Wato ƙarancin om shi ne cika. Don haka in allura ta maƙale a cike, ko wayar ruwan hoda ta goge tana taɓa nagatif a wani wuri, ko abin da ke yawo a kan fetur ya maƙale a sama. Cire wayar ruwan hodar daga kan tanki ka kunna makulli. In allura ta faɗo ƙasa, agogo da waya lafiya, laifin yana cikin tanki. In ta tsaya a cike, je ka cire ta daga bayan agogo. In ta faɗo a nan, waya ce. In ba ta faɗo ba, agogon ne ya mutu. Ka kashe makulli kafin ka cire ko ka mayar da waya a kan tanki, kada ka yi wasa da tartsatsi a wurin.

Sabon_Matuƙi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba ga lambobi. Batir da safe 12.5. Da inji ya tashi, a kan batir 14.1. Amma a bayan makulli 13.2 na samu, da na kunna fanka da fitilu ya sauko 11.8. Agogon caji ma kusan haka ya nuna.

Na kuma lura da wani abu. Jiya sau ɗaya ba shiru ya yi ba, ƙyas ya yi sau ɗaya kik bai juya ba. Ina da kik na wata tsohuwar mota mai irin injin nan, har ramukan noti sun yi daidai. In ɗaura shi in gwada?

Kawu_Makanike:
A'a. Ko don gwaji kada ka ɗaura. Wannan ita ce maganar da ba na sassauci a kanta.

Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota in ya tsiyaya sai ya bi ƙasa iska ta kwashe. Jirgi kuwa kwano ne, tururin yana kwanciya a can ƙasan inji, daidai inda kik yake. Kik na mota yana fitar da tartsatsi a cikinsa duk lokacin da ya juya, kuma a buɗe yake. Na jirgi an rufe shi yadda tartsatsin ba zai kai ga iskar waje ba, za ka ga an rubuta SAE J1171 a jikin da yawa daga cikinsu. Haka altaneta, haka dilko, haka solanoyid, makunnin da ke tura wuta zuwa kik. A Amurka doka ce ma ga jiragen da ke da injin fetur a rufaffen wuri. Ido ba zai nuna maka bambanci ba, noti zai shiga, inji zai tashi, har ranar da tiyon fetur ya tsage ba ka sani ba.

Shi ya sa ake cewa a kunna fanka minti 4 kafin a murɗa makulli. Ni har murfin inji nake ɗagawa in sunkuya in shinshina. Na taɓa yin haka wata safiya na ji warin ya bugi hancina, ashe kafireta ce ta kwana tana ɗiga a kan inji. Da na tayar a haka, da wata maganar ake yi.

Ƙyas ɗaya ba tare da juyawa ba, sau da yawa ba kik ba ne, babban kebur ne. Duba kawunan batir da wurin da baƙin kebur ya ɗauru a jikin inji.

Baba_Riwaya:
Lambobinka sun yi magana, ɗana. Altaneta tana ba da 14.1, dashbod yana karɓar 11.8. Fiye da bolt 2 suna ɓacewa a hanya. Ƙa'idar ABYC kashi 3 cikin 100 ta yarda a rasa a muhimman layuka irin su fanka da fitilun tafiya, wato bai kai rabin bolt ba. Yanzu saura mu san ta wane ɓangare suke zubewa.

Samo doguwar waya ka ƙara wa mitarka tsawo. Inji yana aiki, fanka da fitilu a kunne. Kai ɗaya a kan nagatif na batir, ɗayan a kan nagatif na bayan agogo. Abin da mita ta nuna shi ne abin da wayar komawa take ci. Sannan ka yi haka daga fozitif na batir zuwa jar wayar makulli. Dole a yi gwajin nan da kaya a kunne. Mutane da yawa suna sa mita a kan ƙara, su ji ta yi fiii, su ce waya lafiya. Ai ko silin gashi ɗaya ya rage a cikin waya mita za ta yi ƙara, amma ba zai ɗauki wutar fanka ba.

Wurare uku nake zargi: babban soket mai zagaye da ya haɗa wayar inji da ta jirgi, bayan jan maɓallin nan mai katse wuta a jikin inji, da notin nagatif a jikin inji. In za ka kwance, cire nagatif na batir da farko, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. Kuma kada ka kuskura ka cire kan batir inji yana aiki wai don gwada caji, altaneta kake kashewa.

ShiruKakeJi:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ana maganar batir. Nawa in na ajiye shi sati biyu sai in tarar batir ya mutu, sabo ne kuma. Me ke shanye shi?

Ɗan_Ruwa88:
ShiruKakeJi, kashe komai, cire nagatif, sa mita a kan amfiya tsakanin kan batir da kebur. In ta nuna wani abu, zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Galibi rediyo ne ko amfilifaya da aka jona kai tsaye. Duba famfon kwashe ruwa ma, shi da gangan ake jona shi dairek don ya yi aiki ko ba kowa. In ruwan sama yana shiga, ko datti ya tokare abin da ke tayar da shi, zai yi ta aiki har batir ya ƙare.

Uwar_Biyu:
Namu haka ya yi, ganye ne ya shiga ƙarƙashin abin. Tun daga lokacin in muka ɗora jirgi a tirela muna cire toshiyar ƙasa ruwa ya tsiyaye. Sai dai a rataye toshiyar a jikin makulli don kada a manta a koma ruwa babu ita.

Gwanin_Totur:
Bari in dawo da mu kan abin da ya fi damun wanda ake ja, wato totur. Ni direban masu zamiya ne, kuma a wurina wannan ya fi agoguna muhimmanci. A gasar zagaye balo-balo gudun ƙoli na maza mil 36 ne a awa, kilomita 58 ke nan, na mata mil 34. Mutum yana jin bambancin mil ɗaya a hannunsa. Da hannun totur mai tauri ba za ka taɓa riƙe gudu ba, za ka tura ya ƙi, ka ƙara ƙarfi ya zarce.

Dabarar Kawu ce dai a nan ma. Cire kebur daga jikin kafireta. Motsa hannun kafireta da yatsa, ya kamata ya tafi sumul ya dawo da kansa. Sannan je ka motsa hannun direba kebur yana sake. In har yanzu da tauri, ko kebur ne ko akwatin hannun. Wasu akwatunan suna da sukurun da ke ƙara ko rage tauri, wataƙila wani ya ɗaure shi tam. In kebur ne, irin 33C ne a yawancinsu, tsawonsa yana rubuce a jikin rigarsa kusa da ƙarshe. Kafin ka zare tsohon, ɗaura sabon a wutsiyarsa ya jawo shi ta hanyar da ya bi. Kada ka lanƙwasa shi da yawa a kwana, lanƙwasa ce take kawo tauri ko sabo ne.

MaiSifana351:
Ba sai ya saya ba. Ni rataye nawa na yi na ɗura masa mai daga sama ya kwana, ya saki.

Gwanin_Totur:
Ya saki na wata nawa, Malam? Na gwada wannan. In rigar ta tsage ruwa ya shiga, ƙarfen ciki ya riga ya yi tsatsa, mai ɓoye ciwon kawai yake yi. Nawa ya yi laushi wata biyu, sannan ya maƙale a buɗe ina dosar gaɓa, sai da na fizge igiyar kashe inji. Kebur na giya da na totur shekarunsu ɗaya, in za a canza a canza su tare.

Sitiyari kuma, Sabon_Matuƙi, ka bambance. In a kan ruwa ne kawai kake jin ɓangare ɗaya ya fi nauyi, wannan halin jirgin ne. Farfela ɓangare ɗaya take juyawa, ruwan da take turawa yana danna faffaɗan ƙarfen da ke juya jirgi. Direbobin gasa ma suna son ɗan nauyin nan, domin yana hana sitiyari wasa. In kuwa a kan tirela ma da nauyi, cire kebur daga hannun ƙarfen a can baya ka juya kowanne shi kaɗai. Tsohon giris yakan daskare a cikin bututun da kebur ke shiga ya zama kamar ƙaro.

Kawu_Makanike:
Tunda na ga gwaje-gwajen nan a kan tirela za a yi su, in tuna maka: kada ka tayar da inji sai ka jona masa tiyon ruwa. Robar famfon da ke zuƙo ruwa ba ta jure bushewa, nan da nan take ƙonewa, gutsattsarinta kuma su shige hanyar ruwa. Kuma kada ka sa giya a tudu, robar da sandar farfela ke juyawa a ciki ruwa ne man ta.

Mai_Zafin_Nama:
In zai gyara mahaɗun wayar, ya yi musu dalma. Babu abin da ya kai dalma riƙo.

Baba_Riwaya:
A rediyon ɗaki haka ne. A jirgi dalma tana mayar da waya mai laushi ta zama sanda, girgiza kuma ta karya ta daidai inda dalmar ta ƙare. Ƙa'idar ma cewa ta yi kada dalma ta zama ita kaɗai ce ke riƙe da mahaɗa. Kan waya na matsewa ake sawa, da filayar matsewa ta gaske, irin mai rigar da ake gasawa ta manne ta hana ruwa shiga. Bayan ka matse ka ja da ƙarfi, in ta zare ka sake. Waya kuma mai silli da yawa wadda aka yi wa rufin kuza. Duk layin da ka ɗauko daga batir, ban da na kik, sa masa fis kusa da batir, cikin inci 7.

Sabon_Matuƙi:
Na dawo da labari. Kwana biyu na yi a kai.

Gwajin Baba: ɓangaren nagatif 1.6 yake ci, na fozitif 0.7. Na bi baƙin kebur zuwa jikin inji, notin yana nan a ɗaure amma da na kwance sai ga farin gari da kore a ƙarƙashin washa, ƙaramar baƙar wayar da ke tafiya dashbod kuma silli uku kacal suka rage a kanta. Na goge da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, na sa sabon kai, na ƙara jawo wata baƙar waya mai kauri zuwa dashbod. Babban soket ma na buɗe, fil biyu sun yi kore, na wanke su. Yanzu da fanka da fitilu a kunne 13.6 nake gani, allurai ko motsi ba sa yi. Wallahi na daɗe ina kunna fanka ina kashewa ina kallonsu don daɗi.

Giya kuma yadda Kawu ya faɗa, maƙalin kebur ya sassauta, ɗan hannun bai faɗawa firi. Na daidaita. Agogon mai da na cire waya a kan tanki allura ta faɗo, don haka na cikin tanki ne, ban buɗe ba tukuna. Kebur na totur na ga tsaga a rigarsa, na yi odar guda biyu. Na tsige wayoyi bakwai da ba su zuwa ko'ina, MaiSifana351 ka yi gaskiya a nan. Sitiyari a kan tirela da yatsa ɗaya yake juyawa, na bar shi.

Sai dai abu ɗaya. Jiya mun yi kusan awa ɗaya a ruwa, na kashe don a canza mai zamiya, da na zo tayarwa sai shiru. Na girgiza hannun giya, shiru. Bayan minti biyar ya kama kamar ba abin da ya faru.

MaiSifana351:
Ka gani ko? Abin da nake faɗa ke nan. Ka gyara uku na huɗu ya fito. Wayar rawaya mai jan layin nan ta ruɓe a wani wuri, ka sake ta daga makulli har inji.

Kawu_Makanike:
Ni ƙaramin solanoyid ɗin da ke jikin inji nake zargi, tunda sai da ya yi zafi. In sun tsufa haka suke yi.

Ɗan_Ruwa88:
Ko makullin kansa. Da ya yi shiru, agoguna suna da wuta? Allurar caji ta motsa da ka murɗa zuwa ƙarshe?

Sabon_Matuƙi:
Agoguna suna da wuta. Allurar ban lura ba, hankalina yana kan yaron da ke cikin ruwa.

Uwar_Biyu:
Nan ya kamata hankalinka ya kasance. Ka dai tafi da filafili da igiya da wayar salula mai caji har a gano, kuma kada ka yi nisa da gaɓa.

Baba_Riwaya:
Duk ukun suna iya yiwuwa, kada ka sayi komai tukuna. Ciwon da ke zuwa ya tafi sai an kama shi yana ciki. Ajiye tasta mai ƙwan fitila a jirgi. Ranar da ya sake yin shiru, ka tabbata babu kowa a bayan jirgi, fanka tana aiki, ka ɗaga murfi ka shinshina. Maƙala tasta a ƙaramin notin solanoyid inda rawaya mai jan layi ta sauka, wani ya riƙe makulli a wurin tayarwa. In ƙwai ya kama solanoyid bai yi ƙyas ba, maganar Kawu ce, amma ka duba nagatif ɗinsa kafin ka cire shi. In bai kama ba, koma baya zuwa makunnin giya ka taɓa ƙafafunsa biyu. Wuta a ɗaya babu a ɗaya, makunnin ne ko saitinsa. Babu a duka biyun, to soket ne ko makulli ko wayar da MaiSifana351 yake magana. Ka rubuto abin da ƙwan ya yi a kowane wuri.

Sabon_Matuƙi:
To Baba. Asabar za mu koma ruwa in Allah ya yarda, tasta tana cikin aljihun kujera tun yanzu. ShiruKakeJi, kai fa, ka gano mai shanye maka batir?